Sharhi a Kan Da'awar Samun Furotin na Numfashin Mitokondiriya a Gadajen Maiƙo na Tantanin Ƙwayar Halitta

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1994 ake ta samun rahotanni daga ɗakunan bincike dabam-dabam cewa an ga waɗansu furotin, waɗanda kowa ya san mazauninsu cikin mitokondiriya ne, sun ɓulla a tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta daga waje. Da tafiya ta yi tafiya, sai waɗansu masana suka ƙara da cewa ilahirin sarƙar numfashi ce ke zaune a can, cikin waɗansu 'yan wurare na tantanin da ake kira gadajen maiƙo, har ma tana aikinta na samar da ƙarfi. Idan wannan magana ta tabbata, to, lalle sai an sake rubuta babi guda na littattafan ilmin halitta, kuma an sami sabuwar kafa ta neman maganin ciwon daji da na toshewar jijiyoyin jini. Idan kuwa ba ta tabbata ba, an kashe dukiya da shekaru ana bin sawun abin da hanyar bincike ce ta haife shi.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna hujjojin da aka kawo. Ra'ayin da za ta kare shi ne, da'awa biyu ce aka cakuɗa wuri ɗaya, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, cewa akwai injin ATP a fuskar waɗansu ƙwayoyin halitta, tana da madogara. Ta biyu, cewa dukkan sarƙar numfashi tana cikin gadajen maiƙo tana ƙera ATP, ta dogara ne a kan hanyar bincike wadda ba za ta iya ɗaukar nauyin da aka ɗora mata ba.

Dangane da kalmomi, a nan “tantani” na nufin siririyar fatar maiƙo da ke kewaye ƙwayar halitta ko wani sashe na cikinta. “Gadon maiƙo” kuwa an aro shi ne daga gadon fito, watau itatuwan nan da ake ɗaurewa wuri ɗaya su yi ta yawo a kan ruwa ɗauke da kaya, domin da shi ne masu wannan ra'ayi suka kwatanta abin tun farko.

2.0 Shimfiɗa

2.1 Sarƙar Numfashi da Injin ATP

Mitokondiriya wani ɗan ɗaki ne a cikin ƙwayar halitta mai tantani biyu, na waje da na ciki. A tantanin ciki ne rukunai huɗu na furotin suke jere, su ne sarƙar numfashi. Aikinsu shi ne karɓar ilektaron daga sinadaran da aka tatso daga abinci, musamman NADH, su miƙa wa juna hannu da hannu har ya isa ga iskar oksijin. Yayin wannan miƙe-miƙe, rukuni na ɗaya da na uku da na huɗu sukan tura haidirojin mai caji (H+) daga tsakiyar mitokondiriya zuwa ratar da ke tsakanin tantanin biyu. Taruwarsa a can kamar ruwa ne da aka datse a madatsa. Rukuni na biyar, watau injin ATP, shi ne ƙofar madatsar: haidirojin na kwararowa ta cikinsa yana juya shi, shi kuwa yana ƙera ATP, sinadarin da jiki ke kashewa a kowane aiki. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, ya kuma sami lambar Nobel saboda shi a 1978. Paul Boyer da John Walker sun sami tasu a 1997 a kan yadda injin ke aiki, kuma a wannan shekarar ce masana a Japan suka ga juyawarsa ƙuru-ƙuru a madubin bincike.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga nan. Na farko, injin yana da kai mai suna F1 da gindi mai suna FO da ke nutse cikin tantani, kuma kan yana fuskantar ɓangaren da haidirojin ke kwarara zuwa gare shi. Na biyu, injin yana iya juyawa da baya, ya farfasa ATP maimakon ya ƙera shi.

2.2 Gadajen Maiƙo

A 1972 Singer da Nicolson suka siffanta tantani da cewa ruwan maiƙo ne wanda furotin ke iyo a cikinsa. A 1988 Kai Simons da Gerrit van Meer suka kawo shawarar cewa waɗansu nau'o'in maiƙo sukan ware su taru wuri ɗaya, sa'an nan a 1997 Simons da Elina Ikonen suka fito da ra'ayin sosai a mujallar Nature: kolestarol da sifingolipid sukan cunkushe su zama 'yan gadaje masu ɗan tauri, su tattaro furotin masu isar da saƙo. A wani taron masana na 2006 an yi ittifaƙi cewa faɗin waɗannan gadaje daga nanomita 10 ne zuwa 200, ba iri ɗaya ba ne, kuma ba su daɗewa a hali ɗaya. Madubin bincike mai amfani da haske kuwa, irin na da, ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Ke nan shekaru da yawa ana muhawara a kan abin da ido bai gani ba, sai dai a bi ta bayan gida.

Hanyar bayan gidan ita ce wadda Deborah Brown da John Rose suka bayyana a 1992. Akan zuba wa ƙwayoyin halitta sabulun Triton X-100 a sanyi mai digiri 4, a jera ruwan sukari mai kauri dabam-dabam a bisansu, a saka a na'urar wulwulawa na sa'o'i masu yawa. Abin da sabulun bai narkar ba, ya kuma taso sama saboda rashin nauyi, shi ake kwashewa. Wannan kaso shi ne aka riƙa kira gadajen maiƙo a ɗaruruwan takardu, kuma a nan ne tushen matsalar yake.

3.0 Da'awar da Masu Ita

Rahoton farko da ya ja hankali ya fito a 1994, inda Das da abokan aikinsa suka ce sun ga sashen beta na injin ATP a fuskar ƙwayoyin daji. A 1999 Moser da Pizzo da abokansu na Jami'ar Duke a Amurka suka nuna cewa anjiyositatin, wani furotin mai hana tsirowar sababbin jijiyoyin jini, yana manne wa injin ATP a fuskar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. A 2001 suka ƙara da cewa injin yana ƙera ATP a can. A 2003 Martinez da abokansa na birnin Tulus a Faransa suka buga a Nature cewa injin da ke fuskar ƙwayoyin hanta shi ne makarɓin afolipofurotin A-I, babban furotin na HDL, watau abin da ke kwashe kolestarol daga jiki zuwa hanta.

Shigar gadajen maiƙo cikin zancen ta zo ne daga masu ƙididdigar furotin da na'urar awon nauyin sinadarai. Ƙungiyar Young-Gyu Ko ta Jami'ar Koriya ta ba da rahoto a 2004 cewa ta sami sassan injin ATP a kason da sabulu bai narkar ba daga hantar ɓera. A 2006 ta ce sauran rukunan sarƙar numfashi ma suna ciki, a 2010 kuwa ta tattara hujjojinta daga ƙwayoyin kitse da na tsoka da na jini, ta ce tsarin numfashi yana haɗe da tantanin waje. Dole a yi wa waɗannan masana adalci: abin da suka ce sun gani a kason, waɗansu da yawa sun gan shi. Saɓanin yana wajen fassara ne.

4.0 Suka

4.1 Raunin Hanyar Sabulu

Aibi na farko shi ne ɗaukar abin da ya rage bayan wanki a matsayin abin da ke akwai kafin wanki. Jikin mutum yana kan zafin digiri 37 ne, gwajin kuwa a digiri 4 ake yin sa, kuma sanyi kaɗai ya isa ya sa maiƙo ya daskare ya ware. Daɗin daɗawa, Heiko Heerklotz ya nuna a 2002 cewa shi kansa Triton yana iya haddasa rarrabuwar maiƙo a tantanin da a da yake gauraye. A 2003 Sean Munro ya yi dogon sharhi a mujallar Cell yana tambayar ko gadajen ɓoyayyu ne ko kuwa gizo suke yi wa masu bincike. Binciken baya-bayan nan da sababbin madubai, alal misali na Eggeling da abokansa a 2009, ya nuna cewa lalle sifingolipid yakan ɗan tsaya a 'yan wurare da ba su kai nanomita 20 ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka akwai wani abu mai kama da gadajen. Amma kama da wane ba ta wane: wannan abu mai saurin watsewa dabam yake da dunƙulen maiƙon da ake kwasowa daga saman ruwan sukari.

Aibi na biyu ya fi na farko sauƙin ganewa. Sabulun a kan dukkan ƙwayar ake zuba shi, da tantanin waje da na ciki gaba ɗaya. Ƙwayar hanta guda tana ɗauke da mitokondiriya dubu ɗaya ko fiye, waɗanda suka cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinta, kuma injin ATP yana daga cikin furotin mafiya yawa a jiki. Na'urar awon kuwa mai kaifi ce ƙwarai. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari na tantanin mitokondiriya ya kuɓuce wa sabulu ya taso sama, na'urar za ta rubuta sunayen furotin ɗinsa. Wanda ya rairaye tsabar gero da aka auno a kasuwa ya ga tsakuwa, bai isa ya ce tsakuwa a zangarniya take tsirowa ba.

Akwai mai cewa, ai tantanin cikin mitokondiriya ba shi da kolestarol sai ɗan kaɗan, saboda haka sabulu zai narkar da shi ƙurmus, duk abin da ya taso kuwa daga tantanin waje ya zo. Amsa ita ce, narkewa a gwaji ba ta taɓa cika ɗari bisa ɗari, ta danganta ga yawan sabulu a kan yawan maiƙo. Bugu da ƙari, tun 1990 Jean Vance ta ware wani tantani na cikin ƙwaya da ke manne da mitokondiriya, kuma bincike na baya ya nuna cewa wannan mahaɗa tana da siffofin gadajen maiƙo, tana jure wa sabulu. Ke nan akwai wata hanya da guntayen mitokondiriya za su bi su taso sama ba tare da sun taɓa kusantar fuskar ƙwaya ba.

4.2 Gwajin Kolestarol

Hujjar da ta fi kowace nauyi ta zo ne daga cikin gidan masu ƙididdigar furotin. Leonard Foster da Carmen de Hoog da Matthias Mann sun yi tunani mai sauƙi a 2003: tun da kolestarol ne ke riƙe gadajen, duk furotin da yake ɗan gida ne dole ya ragu a kason idan aka janye kolestarol da magani, baƙo kuwa ba abin da zai same shi. Suka yi wa rukunin ƙwayoyi biyu alama da nauyi dabam-dabam, suka janye kolestarol daga ɗaya, suka gwama. Furotin 241 suka ci wannan jarrabawa. A 2009 Zheng da Berg da Foster, daga Jami'ar British Columbia a Kanada, suka bi furotin na mitokondiriya da wannan ma'auni da waɗansu hanyoyin rarrabewa, suka tarar janye kolestarol bai dame su ba. Hukuncinsu shi ne mitokondiriya ba ta da gadajen maiƙo, gadajen kuma ba su da furotin ɗinta. Biyo ayari kawai suka yi.

Fifikon wannan gwaji shi ne ya daina tambayar “akwai ko babu”, ya koma tambayar “nawa ne, kuma me ke canza shi”. Jerin sunaye, kome tsawonsa, ba ya rarrabe ɗan gida da baƙo. Wanda zai ci gaba da riƙe da'awa ta biyu, wajibi ne ya kawo awo irin wannan wanda ya ba da sakamako dabam.

4.3 Ta Ina Suka Bi?

Furotin na tantanin waje suna da sananniyar hanya: akan ƙera su a tantanin cikin ƙwaya, su bi ta jakunkunan Golgi, sa'an nan a kai su waje. Furotin na numfashi ba nan suke bi ba. Mafi yawansu a ruwan ƙwaya ake ƙera su, a shigar da su mitokondiriya ta ƙofofi na musamman. Guda 13 kuwa a cikin mitokondiriyar ake ƙera su, bisa umarnin DNA nata na kanta wanda aka karance a 1981: bakwai na rukuni na ɗaya, ɗaya na rukuni na uku, uku na rukuni na huɗu, biyu na injin ATP. In babu waɗannan, sarƙar ba ta aiki. Rukuni na ɗaya kaɗai yana da sassa 45 a dabbobi masu shayarwa, kuma harhaɗa shi na bukatar mataimaka da yawa da ke zaune a mitokondiriya. Haka kuma rukunan suna bukatar wani maiƙo mai suna kadiyolifin, wanda gidansa tantanin cikin mitokondiriya ne.

Saboda haka in har cikakkun rukunai sun isa fuskar ƙwaya, sai dai an harhaɗa su a mitokondiriya aka ɗauko su da guntun tantaninsu. Wannan ba abu ne da hankali zai ƙi ba, domin a 2008 ƙungiyar Heidi McBride ta nuna cewa mitokondiriya takan tsinko 'yan jakunkuna ta aika da su waɗansu sassan ƙwaya. Amma guntun tantani maras kolestarol, mai kadiyolifin, shi ne kishiyar gadon maiƙo. Watau hanyar da za ta iya bayyana zuwansu waje, ita ce kuma ke raunana zancen zamansu a gadajen.

4.4 Lissafin Ƙarfi

Ko da an sallama cewa duk sun isa, saura tambayar ko za su iya aiki. Duk rahotannin sun nuna kan injin yana fuskantar wajen ƙwaya ne, shi ya sa ma antibodi da anjiyositatin ke iya kama shi. Bisa ga abin da aka faɗa a 2.1, kafin ya ƙera ATP sai haidirojin ya kwarara daga cikin ƙwaya zuwa waje. A mitokondiriya, ƙarfin da ke tura shi ya kai milibolt 150 zuwa 180, kuma injin dabbobi masu shayarwa yana cin haidirojin takwas kafin ya ba da ATP uku. A tantanin waje kuwa, cikin ƙwaya ne ke da cajin da ke jawo haidirojin, da ƙarfin milibolt gommai, har wajen 70 a ƙwayoyin jijiya. Ɗan bambancin tsami da ke tsakanin ciki, mai awon pH kusan 7.2, da waje, mai 7.4, bai wuce milibolt 12 ba. Ke nan ruwan madatsar ta baya yake son gudu. A cikin ƙarin daji abin ya fi muni, domin wajen ƙwaya ya fi cikinta tsami.

Sauran rukunan ma haka. In suna fuskantar inda injin ke fuskanta, hannun rukuni na ɗaya mai karɓar NADH yana waje ke nan, inda babu tukunyar da ke dafa masa NADH. Saitokurom c kuwa, ɗan aiken da ke tsakanin rukuni na uku da na huɗu, zai kasance a ruwan ƙwaya, alhali tun 1996 ƙungiyar Xiaodong Wang ta nuna cewa fitowarsa can alama ce da ke sa ƙwaya ta kashe kanta.

To, ATP ɗin da aka auna a wajen ƙwaya daga ina ya fito? Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa na iya zama wani. Akwai inzayim mai suna adenilet kaines a fuskar ƙwayoyi da yawa, wanda ke haɗa ADP biyu ya fitar da ATP ɗaya ba tare da bukatar haidirojin ba. Ƙwayoyi kuma sukan saki ATP nasu in an motsa su, waɗanda suka mutu a kwanon gwaji kuwa sukan zubar da mitokondiriyarsu. Gwajin da bai toshe waɗannan kafofi uku ba, bai tabbatar da ƙira ba.

5.0 Abin da Ya Tsira

Duk wannan suka bai rushe da'awa ta farko ba, kuma kuskure ne a haɗa su a zubar. Aikin Tulus bai dogara a kan sabulu ba, kuma abin da ya nuna farfasa ATP ne, aikin da ba ya bukatar madatsa ko sarƙar numfashi. Idan afolipofurotin A-I ya kama injin, sai ya farfasa ATP na waje ya zama ADP. A 2005 aka nuna cewa wannan ADP yana tayar da wani makarɓi mai suna P2Y13, shi kuwa ya sa ƙwayar hanta ta haɗiye HDL. Wannan bayani ya dace da fuskar da injin ke kallo, ya dace da lissafin ƙarfi, kuma kowane mataki nasa ana iya gwada shi dabam. A nan injin ya bar sana'arsa ta asali ya zama mai isar da saƙo, kuma 'yan ƙwarori kaɗan sun isa wannan aiki.

Duk da haka akwai sharaɗi. Yawancin shaidar zaman injin a fuskar ƙwaya daga antibodi take, shi kuwa yana iya kutsawa cikin ƙwayar da ta sami rauni, ko ya kama tarkacen da ya manne mata daga waje. Hanyar shafa wa fuskar ƙwaya alamar bayotin ma tana da wannan rauni. Wanda ke nufin haɗa magani a kan wannan injin, bukatarsa ta farko ita ce ya san adadinsa a fuskar ƙwaya mai lafiya da maras lafiya, domin maganin da ya ɓata hanya ya shiga mitokondiriya zai taɓa injin da rayuwar kowace ƙwaya ta rataya a kansa.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin rarrabe da'awa biyu da aka saba ambata da numfashi ɗaya. An ga cewa zaman injin ATP a fuskar ƙwayoyin hanta da na jijiyoyin jini, yana farfasa ATP yana isar da saƙo, magana ce mai madogara wadda ta cancanci a ci gaba da bincikenta. Zaman dukkan sarƙar numfashi a gadajen maiƙo kuwa, hujjarsa jerin sunaye ce daga kason da sabulu ya bari, kuma ta faɗi a gwajin kolestarol, ta ci karo da yadda ake harhaɗa rukunan, lissafin ƙarfi kuma bai ba ta hanya ba.

Mai son farfaɗo da ita, abubuwa uku ake nema daga gare shi: ya nuna rukunan a fuskar ƙwaya mai rai ba tare da sabulu ba, ta madubin da ke rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, ya nuna sassan nan 13 da mitokondiriya ke ƙerawa suna tare da su, ya kuma auna ƙirar ATP bayan an toshe adenilet kaines an kuma kawar da matattun ƙwayoyi. Kafin a sami waɗannan, abin da ya dace a koya wa ɗalibai shi ne, ganin furotin na numfashi a kason gadajen maiƙo alama ce da ke kira ga mai bincike ya sake duba tsabtar kason da ya kwaso.